Karan da Muke Yi wa Baba

Litinin, 16 ga Yuni, 2025

Warin taba a rigar Zailani. Na rubuta sunan, to sai me? A baki ne ba na iya kiran ɗan fari, a takarda ba mai ji na. Ina tsaka da wanki na ɗago farar rigarsa ta makaranta, wari ya daki hancina. Na ce ko hayaƙin murhu ne. Na sake kai ta hanci. Haba, ni da na yi shekaru ina wanke kayan surukina lokacin da yake sha, wa zai koya min warin sigari? A wuyan rigar yake, da bakin hannun dama.

Shekararsa sha huɗu fa. Ko gashin baki babu. Na zauna a kan turmi hannuwana duk kumfa. Ni Adawiyya, da nake tsayawa gaban 'yan aji shida ina ɗaga murya a kan illar taba, a ce a cikin gidana ake sha.

Babansu yana Durun wajen sayen hatsi, sai gobe. Ba zan faɗa masa ba sai na kama da hannuna.

Talata, 17 ga Yuni

Na tambayi yaron. Wai shara suka ƙona a makaranta. Ƙasa yake kallo. Sharar da take wari a yatsu biyu kaɗai, Allah ya nuna min irinta.

Alhamis, 19 ga Yuni

Sigari ba ta tsirowa a gona a Kabo. Wani ne yake miƙa wa yaron nan, kuma a cikin unguwar nan yake.

Zuciyata ta tsaya a kan Martins. Shagonsa ne yake kallon ƙofar gidanmu, kwalayen kuma ga su nan jere a saman kanta bayan madara. Ya daɗe a garin nan, tun daga kudancin Kaduna ya zo da matarsa Lovelyn, Hausa a bakinsa kamar a nan aka yanke masa cibiya. Kowa Martins, Martins, mutumin kirki. Ni dai mai yawan fara'a ba ya burge ni. Kuma na lura kwanan nan yaron ba ya ko kallon shagon idan zai wuce. Da can wuni yake a bakin benci. Me ya faru tsakaninsu? Masu haɗa baki haka suke yi a gaban mutane.

Abin da nake gudu kada maganar ta kai kunnen Baba. Gari na ce masa Baba Mijinyawa, ni Baba kawai nake cewa, tun ranar da aka kawo ni gidan ɗansa ban taɓa haɗa ido da shi ba. Taba ce ta kwantar da shi shekarar bara waccan, har muka fitar da rai. Ya tashi da rawar hannu, ko kofi sai an riƙe masa, ya kuma rantse a gaban kowa ya bar ta. Yanzu a ce masa jikan da ya fi so, wanda yake kira abokina, ya ɗauki abin da ya kusa kashe shi? Ai sai ciwon ya dawo.

Asabar, 21 ga Yuni

Na kwashe ashanar gidan nan kaf na kulle a akwatina. In yaron ya samo tabar, ya kunna da yawu.

Na ɗan bugi cikin ƙanwarsa Zulaiha da alewa, ko ta ga wani abu. Yarinyar nan ba ta da amfani wajen bincike. Abin da ta iya cewa kawai wai jiya Baba ya ce Yaya ya kawo masa kara. Na ce ke tafi can, a farkon damina ina za a samu kara, dawar ma ko gwiwa ba ta kai ba. Ƙila dangar awaki yake so a toshe.

Talata, 24 ga Yuni

Na sami hedimasta a ofis. Ban ce ɗana ba, Allah ya kiyaye. Na ce yaran unguwa. Ashe shi ma abin yana cin sa, ya ce ya sha tsintar guntaye a bayan aji. Ya ce doka ma ta hana a sayar wa wanda bai kai sha takwas ba, ta hana a fasa kwali a sayar kara-kara, mutane ne suka yi kunnen ƙashi. Zai yi wa mai unguwa magana a tara iyaye da masu shago ranar Asabar.

Ina magana yana kallona wani iri. Ko ya sani ne? Ko duk garin sun sani ni kaɗai ce a duhu?

Asabar, 28 ga Yuni

An yi taron a ajinmu, manya sun takure a kan bencin yara. Mai unguwa, liman, iyaye, masu shago da masu tebur. Mu mata muna baya wajen taga. Hedimasta ya yi bayanin dokar, liman ya ja ayoyi a kan amanar 'ya'ya, kowa na gyaɗa kai. Aka ce daga yau ba a sayar wa yaro. Duk suka ce sun yarda. Da sauri suka yarda, har saurin ya dame ni.

Sai Lukuman ya ɗaga hannu. Shi ne mai tebur na bakin tasha, ɗan aminin Baba, a tsakar gidan nan ya yi rarrafe. Yaro mai ladabi, kullum a sahun gaba. Ya russuna ya ce, Allah ya ba ka nasara, to idan aike ne fa? Dattijo ba ya iya fitowa, ya turo jikansa, a koro shi? Ɗakin ya ɗauki gunaguni. Mai unguwa ya shafa gemu ya ce aike daban ne, ba za a ce don doka a daina yi wa manya kara ba.

Nan fa Martins ya miƙe. Ya ce ranka ya daɗe a yi masa afuwa, shi dai ko aike ne ba ya ba yaro. Mai so ya zo da ƙafarsa, ko ya turo babba. Wani tsoho ya ja tsaki har sai da aka waiwaya.

Tabɗi! Ka ji zaƙewa. Duk ɗakin nan shi kaɗai ne mai tsoron Allah? Na ce a raina, yi ta wanke kanka, ina nan ina kallon ka. Da muka fito ya ce Malama ina son magana da ke. Na gyara mayafina na wuce kamar ban ji ba.

Lahadi, 29 ga Yuni

Na kai wa Baba kunu, ina durƙushe na ji yana faɗa wa babansu cewa yaron nan mai shago ba shi da kara ko kaɗan, bai san girman furfura ba, a daina sayen komai a wurinsa. Ke nan Baba ma ya hango wani abu. Tsoho yana zaune a zaure, ba abin da yake wuce idonsa.

Babansu hularsa kawai yake juyawa a hannu. Ni kuwa har na ji daɗi. Daga yau sukari da sabulu sai dai a je can ciki, ko da nisa.

Laraba, 2 ga Yuli

Ashana na kulle amma warin bai kulle ba. Yau ma a yatsunsa, ya goga lemun tsami a kai, yana ganin ya yi dabara.

Na caje jakar makaranta, ƙarƙashin katifa, cikin takalman ƙwallo, har saman katanga na laluba. Ko tsinke. Na zargi abokinsa na Islamiyya, na zargi yaran masu gyaran babur, har almakashin Zulaiha na tambaya me ya yanka. Na zama abin tsoro a gidana, ina shigowa hira take mutuwa.

Abu ɗaya da ya ɗan sanyaya min rai, yaron yana kula da kakansa. Kullum bayan la'asar sai ya zo murhu da kasko ya ɗebi garwashi, wai Baba na jin sanyin damina a ƙafafunsa. Na ce ko ba komai da sauran alheri a jikinsa.

Juma'a, 4 ga Yuli

Na faɗa wa babansu. Na zaci zai tashi gidan nan tsaye. Sai ya ce to, za a duba. Za a duba! Kamar na ce masa akuya ta ci ganyen maƙwabta. Ko tambayar wa ke sayarwa bai yi ba.

Muhammad Nur mijina, me kake ɓoye min?

Talata, 8 ga Yuli

Mun kai Baba asibiti a Gwarzo, tarin ya dawo. Likita ya daɗe da abin aunawa a bayansa, sannan ya ɗago ya ce, har yanzu Baba yana sha ne? Babansu ya ce a'a da sauri. Baba ya ƙura wa silin ido. Likitan ya ce to ko ana sha a kusa da shi, domin ƙirjin nan hayaƙi yake gani.

A mota baƙin ciki ya cika ni. Wato yaron nan ba kansa kaɗai yake cuta ba, har da tsohon da yake lallaɓa ransa. Ya sha ya zo ya manne wa kakansa da warin. Wallahi da ba ni na haife shi ba da na ce ba ɗan gidan nan ba ne.

Da muka sauka Lovelyn tana shanya a bakin shago, ta ce Maman Zulaiha ya jikin Baba. Na ce da sauƙi, a taƙaice. Fuskarta ta canza. Oho.

Alhamis, 10 ga Yuli

Na bi shi.

Bayan azahar na ji Baba ya kira abokina, sun yi ƙus-ƙus, yaron ya fita. Na zura hijabi na bi bayansa nesa-nesa, ina jin kunyar kaina, uwa tana laɓe-laɓe a bayan ɗanta. Na tabbata shagon Martins zai shiga. Ya wuce shi ko waiwaye babu. Ya bi ta bayan masallaci, ya ratsa masu kayan miya, sai bakin tasha. Teburin Lukuman.

Ko magana ba su yi ba. Lukuman ya duba hagu ya duba dama, ya sa hannu ƙarƙashin tebur, ya miƙa masa a dunƙule kamar musabaha. Yaron ya cusa a safa ya juya. Na lafe a bayan wata a-kori-kura har ya wuce.

Da na tsaya a gaban teburin Lukuman ya kusa faɗowa daga kan benci. Ya hau gaisuwa, ina gajiya, ya makaranta, ya jikin Baba. Na ce bar jikin Baba, me ka ba ɗana? Ya yi wuƙi-wuƙi, ya ce Malama wallahi aike ne. Na ce aiken wa? Ya ce ai kin sani. Na ce ban sani ba. Ya rage murya ya ce Baba ne, shi kuma ba zai iya cewa a'a ga mutumin da ya goye shi ba, kara yake masa.

Na ce Lukuman ka ji tsoron Allah. Mutumin da jiya-jiya muka dawo da shi daga asibiti? Ko dai kai kake ƙarya, ko yaron ne yake fakewa da sunan kakansa. Duka biyun ba mai daɗi.

To Martins fa? Ban sani ba. Ƙila su biyun ne.

Juma'a, 11 ga Yuli

Na mari yaron. Ban taɓa ba sai yau. Ba don tabar ba ma, don ya ɗora wa tsoho marar lafiya. Na ce ka rasa wanda za ka yi wa sharri sai Baba? Ya riƙe kunci, hawaye na zuba, ya ce Umma ni ban yi ƙarya ba. Na ce to faɗi gaskiyar. Ya kalli wajen zaure ya yi gum. Na yi faɗa, na yi lallashi, ko kalma bai ƙara ba.

Tafin hannuna har yanzu zafi yake. Na kasa cin tuwon.

Lahadi, 13 ga Yuli

Lovelyn ta yi sallama bayan sun dawo daga coci, ko kayan ba ta canza ba. Na ba ta tabarma don dole. Ta ce ita ba ta iya ƙunshe magana, me suka yi mana aka daina gaisuwa, aka daina sayayya? Na ce ba komai. Ta ce da komai.

Sai ta zayyana min. Tun kafin babbar salla yaron yake zuwa ya ce Baba ya ce a ba shi kara ɗaya. Martins ya hana. Ya dawo, ya hana. Har Baba ya aika masa da faɗa daga zaure, wai ya raina shi. Martins ya ce ya ji, a yi haƙuri, amma in Baba na so ya turo ɗansa. Ta ce maigidanta ya yi ta neman ya faɗa min, ranar taro ma ya kira ni na wuce.

Na ce me ya hana ku faɗa wa babansu? Ta dube ni ta ce, Maman Zulaiha, ai shi aka fara faɗa wa. Tun tuni.

Kara ɗaya. Maganar Zulaiha ta faɗo min, Baba ya ce Yaya ya kawo masa kara. Ni kuma ina can ina lissafin dangar awaki. Kaico, Adawiyya!

Na raka ta har zaure. Ban ba ta haƙuri ba, bakina ya yi nauyi. Kuma har yanzu akwai abin da bai zauna min ba. In Baba ne yake sha, me ya kai warin bakin ɗana?

Litinin, 14 ga Yuli

Na tare babansu da ya dawo daga Sabon Birni, ko ruwa bai sha ba. Bai musa ba. Ya ce ya sani Baba ya koma, jefi-jefi. Na ce shi ne ka dubi likita ka ce a'a? Ya ce to me kike so in yi, in tsaya a kan mahaifina in ce ya karya rantsuwa? In tona masa asiri a gaban baƙo? Ya ce yaron saye kawai yake yi, aike ne, wane yaro ne ba a aika a garin nan.

Na ce ka shinshina yatsunsa. Ya ce Adawiyya kin cika zargi.

Ƙila na cika. Amma hancina bai taɓa yi min ƙarya ba.

Laraba, 16 ga Yuli

Na gani da idona. Da ma ban gani ba.

Na ce musu zan je barka. Na fita ta zaure, na zagayo ta ƙofar baya wajen turken awaki, na tsaya a jikin rumbu. An ɗauke ruwa ke nan, ƙasa duk danshi. Baba yana kan buzunsa a lungun da yake shan iska, kaskon garwashi a gabansa. Garwashin murhuna. Zailani ya tsuguna ya zaro karan daga safa.

Na zaci zai miƙa masa. Sai ya sa a nasa bakin.

Ya sunkuya ya kai bakin karan jikin garwashi ya zuƙa. Baba ya ce, ja ta sosai abokina, ta yi sanyi, kada ta mutu. Ya sake zuƙa har ta yi ja. Ya fitar da hayaƙin ta hanci. Bai yi tari ba. Ko gyaran murya bai yi ba. Wannan ne ya kashe min jiki, domin na san yaro ba ya kai nan a rana ɗaya.

Sannan ya matsa ya riƙe wa Baba a baki, saboda hannun ba ya tsayawa. Baba ya ja ya lumshe ido, yaron ya janye, ya jira tarin ya lafa, ya mayar. A hankali yake yi, da tausayi, yadda nake ba Zulaiha magani. Da ta kusa ƙarewa Baba ya ce kashe ka binne. Ya juya wa kakan baya, ya yi mata zuƙa biyu masu kyau, sannan ya tura guntun a laka.

Ban yi ihu ba. Ban fito ba. Na juya sum-sum na koma ta inda na zo, har na je barkar, na ɗauki jaririya na ce tubarkalla. Lukuman ya yi kara, babansu ya yi kara, yaron ya sha mari ya yi kara. Ga ni nan ni ma na bi layi.

Alhamis, 17 ga Yuli

Ya zo ɗibar garwashi ina kallo. Na buɗe baki na rufe. Ta ina mace take fara yi wa surukinta faɗa?

Juma'a, 18 ga Yuli

Da ya zo da kaskon na karɓe. Na ce kai wa Lovelyn kwanon nan na ɗanwake, ka jira ta juye. Ya tsaya yana kallona, na ce tafi mana.

Na ɗebi garwashin da kaina. Na saka babban hijabi. Tunda nake a gidan nan ban taɓa taka lungun Baba ba sai an kira ni.

Na yi sallama. Ya amsa a firgice, na ga ya dunƙule hannu ya tura ƙarƙashin riga. Yaron ya riga ya kawo masa, wutar kawai yake jira. Na durƙusa nesa kaɗan, na gaishe shi yadda na saba, ina wuni, ya ƙarfin jiki, ya sanyi, ya aka ji da ruwan jiya. Ya amsa duka. Na ajiye kaskon a gabansa.

Na ce, Baba ga wutar. Yaron na aike shi. Daga yau in da aike irin wannan, ni za a aika. In kunnawa ce ma a ba ni in kunna.

Na miƙa hannu biyu, kaina a ƙasa. Wallahi ban san me zan yi ba in ya ba ni. Ina jin awaki suna cin dusa, ina jin numfashinsa yana fito. Hannun ya fito daga rigar yana rawa, karan ya suɓuce ya faɗa laka tsakaninmu. Ba wanda ya ɗauka.

Ya ce, subhanallahi, Malama, ke? Na ce eh Baba, gara ni. Ya ce ai kunnawa kawai yaron yake masa. Abin da na iya cewa kawai, ba ya ko tari yanzu, Baba.

Na saci kallonsa, karo na farko a rayuwata. Ya juya fuska wajen katanga, gemunsa yana motsi. Can ya ce, ɗauke wutar nan.

Na ɗauke. A madafi na zauna na yi kuka har tuwon ya kama.

Lahadi, 20 ga Yuli

Baba ya dawo da kwanon abinci bai taɓa ba, jiya da yau. In na gaishe shi sai ya amsa ta bayan labule. Babansu ya ce me kika faɗa masa? Na ce wuta na kai masa. Da na ba shi labarin yadda ake kunnawar sai ya zauna a bakin gado ya riƙe kai. Daga baya ya saka takalmi ya fita. Zulaiha ta ce ta hango shi a bakin tasha, Lukuman yana ta russunawa.

In tsohon nan ya kwanta saboda ni, dangi ba za su taɓa mantawa ba. Na sani.

Laraba, 23 ga Yuli

Yaron ya zama kamar kububuwa. Ciwon kai, faɗa da Zulaiha a kan ba komai, ya tauna murfin biro har ya fashe. Na zaunar da shi na ce zai wuce. Ya ce Umma wani lokaci har mafarkinta nake. Na ce na ji. Ban yi faɗa ba. Na taɓa kuncin da na mara, ya kau da kai, amma bai tashi ba.

Ban yarda da shi ɗari bisa ɗari ba. Tasha ba ta da nisa, kuma Lukuman yana nan yana miƙa wa jikokin wasu. Na faɗa wa hedimasta a sake zama a kan maganar aike. Ya ce mai unguwa ba zai so ba. Na ce kada ya so.

Baba ya sha kunu rabin kofi.

Asabar, 26 ga Yuli

Da hantsi ina tankaɗe a tsakar gida na ji muryar Baba daga zaure, abokina! Rariyar ta tsaya a hannuna. Tun ranar nan bai kira shi ba. Yaron ya kalle ni, na kalle shi, ya tafi.

Na kasa kunne. Ba ƙus-ƙus yau, da ƙarfi Baba yake magana, irin ta wanda yake so a ji a cikin gida. Ya ce bakinsa ba daɗi, a sayo masa minti mai yaji. Ya yi tari, sannan ya ce, wajen yaron nan na ƙofar gida za ka, ka ji? Marar karan nan. Ka ce ina gaishe shi.

Yaron ya leƙo ɗaukar takalmi. Na ce ya haɗo min da sukari da sabulu, tunda can za shi, ba don komai ba, kusa ne kawai. Zulaiha ta hau tsalle tana tafi, wai Umma ta faɗi sunan Yaya, Umma ta ce Zailani! Na ce rufe min baki, yaushe? Shi kuma ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu yana murmushi kamar wawa.

Na leƙa ta jikin ƙyaure na ga inda ya nufa, wannan kam ba zan fasa ba. Shagon ya shiga. Da ya dawo ya miƙo min ledar, hannunsa dab da fuskata, ya ɗan tsaya, yana jira in shinshina. Na ce ajiye can, ba ka ga hannuna da gari ba?

Sunan kuwa ban faɗa ba. Ko na faɗa, ba da ƙarfi ba ne.